Hawa da Wuya, Gangara da Haɗari: Kimiyyar Saukowa Daga Tsauni a Gasar Tseren Keke

Ran Alhamis 15 ga watan Yuni, 2023, ayarin 'yan tseren keke ya tashi daga garin Fiesch na ƙasar Suwizalan, ya nufi wani ƙauye da ake kira La Punt, tafiyar kilomita 211. Wannan shi ne zango na biyar na gasar da ake kira Tour de Suisse. Akwai manyan mashigan tsauni uku a kan hanya, na ƙarshensu shi ne Albula, wanda tudunsa ya haura mita 2,300 daga doron teku. Daga ƙololuwar Albula ba sauran hawa, sai gangara ta kimanin kilomita goma har zuwa layin ƙarshe. A wata kwana ta wannan gangara ce mahaya biyu suka kauce wa kwalta suka faɗa kwazazzabo. Na farko, Magnus Sheffield ɗan Amurka, ya tsira da buguwar kai da ƙujewa. Na biyu, Gino Mäder, ɗan ƙasar ta Suwizalan mai shekara 26, an same shi kwance cikin ruwa ba ya motsi. Likitoci suka yi ta fama har numfashinsa ya dawo, jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibitin garin Chur, amma da hantsin kashegari rai ya yi halinsa.

Tun kafin a ji labarin rasuwarsa, Remco Evenepoel ɗan Beljiyam, wanda a lokacin shi ke riƙe da kambin duniya, ya fito fili ya ce ba dabara ba ce a ajiye layin ƙarshe a gindin gangara irin wannan alhali ana iya ƙare zangon a kan tudu. Daga baya masu gabatar da ƙara na yankin suka rufe bincikensu ba tare da sun ɗora wa kowa laifi ba. Amma tambayar da ya ɗago ba ta kwanta ba: me ya sa gangara ke cin rai haka, kuma wa ke da ikon rage wannan haɗari?

Abin da ke tura keke, da abin da ke tare shi

A kan hawa, ƙarfin ƙafa da na huhu su ne komai. Ɗan tsere na murza feda, janyowar ƙasa na ja da shi baya, kuma da wuya gudunsa ya wuce kilomita 20 zuwa 25 a sa'a. Da zarar ya haye ƙololuwa sai lamarin ya juye. Janyowar ƙasar da ta wahalshe shi ita ce yanzu ke ingiza shi, har ya kai gudun da murza feda ba ya ƙara masa komai. Abu ɗaya ne ke tare shi, wato turjiyar iska. Ita kuwa turjiyar iska tana ƙaruwa ne gwargwadon gudu sau gudu: in gudu ya ninka biyu, turjiya ta ninka huɗu. Keke zai yi ta ƙara sauri har ya kai inda turjiyar iska ta yi daidai da janyowar ƙasa, sa'an nan gudun ya tsaya a nan. A kan miƙaƙƙiyar gangara mai tsayi, ƙwararrun 'yan tsere kan kai kilomita 90 a sa'a, wani lokaci su haura 100.

Tsauni kuma yana da nasa ƙari. Iskar da ke can sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba. A tudun mita 2,300 kaurinta ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari, saboda haka turjiyarta ma ta ragu. Mahayin da zai tsaya a kilomita 80 a gangarar da ke kusa da teku, zai doshi 90 a gangara mai irin wannan karkata a saman Albula, ba tare da ya canza komai ba. Haka nan nauyi na da tasiri. Mai jiki ya fi siriri gudu a miƙaƙƙen wuri, domin janyowar ƙasa a kansa ta fi yawa alhali faɗin jikinsa bai fi na siririn da yawa ba. Wannan ne ya sa gwanayen hawa, waɗanda galibinsu ba su da nauyi, sukan ga ratar da suka sha wuya suka samu a hawa tana zagwanyewa a gangara, sai su nemi ramawa a kwanoni, inda haɗari ya fi yawa.

Domin rage turjiyar iska, 'yan tsere sun daɗe suna ƙirƙiro salon zama iri-iri. Wanda ya fi shahara shi ne mutum ya bar sirdi ya zauna a kan ƙarfen da ke tsakanin sirdi da kan keke, ya kifa ƙirjinsa a gaba. Matej Mohorič ɗan Sulobeniya ya yi fice da shi a 2013, Chris Froome kuma ya yi amfani da irinsa a 2016 ya tsere wa abokan hamayyarsa a gangarar Peyresourde, a gasar Tour de France. Farfesa Bert Blocken, wanda a lokacin yake Jami'ar Fasaha ta Eindhoven a ƙasar Holan, ya gwada salon zama daban-daban a ɗakin gwajin iska da kuma kwamfuta, ya gano cewa salon na Froome, duk da ban tsoronsa, ba shi ne ya fi yanka iska ba. Daga 1 ga Afrilu, 2021, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, mai mazauni a garin Aigle na Suwizalan, ta haramta zama a kan wannan ƙarfe baki ɗaya.

Lissafin faɗuwa

Kowane abu mai tafiya yana ɗauke da kuzarin motsi, kuma shi ma wannan kuzari yana bin ƙa'idar gudu sau gudu. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a kwatanta shi da faɗowa daga sama. Mutumin da ya daki bango yana gudun kilomita 45 a sa'a, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsawon mita 8. In gudun ya kai 90, wato ninki biyu kawai, daidai yake da faɗowa daga mita 32, kamar daga rufin bene mai hawa goma ke nan. Abin da ɗan tsere ke sanye da shi a wannan hali kuwa, riga ce da gajeren wando marasa kauri, sai hular kwano.

Hular kwano na da amfani ƙwarai, amma tana da iyaka. A ƙa'idar gwajin da ƙasashen Turai ke bi, akan sa wani ƙarfe mai siffar kai a cikin hular, a sake shi daga tsawon kimanin mita ɗaya da rabi, ya daki ƙasa da gudun da bai kai kilomita 20 a sa'a ba. Soson da ke cikin hular yana murƙushewa, ya tsawaita lokacin tsayawar kai da ɗan ƙyaftawar ido, ta haka ya rage girgizar da ƙwaƙwalwa za ta sha. An tsara ta ne domin faɗowa daga kan keke zuwa kwalta. In mahayi ya faɗi ya yi ta darzar kwalta har ya tsaya, fatarsa za ta saluɓe, amma kuzarin ya fita a hankali, kuma sau da yawa yakan tashi ya ci gaba. In kuwa ya ci karo da dutse, ko bango, ko ginshiƙi, duk kuzarin zai fita ne nan take, kuma babu hular da za ta iya shanye shi. Saboda haka abin da ke gefen hanya yana da muhimmanci kamar gudun kansa.

Tsayawa ma ba ta zuwa da sauƙi. Kilomita 90 a sa'a daidai yake da mita 25 a kowane sakan. In mahayi ya ɗauki sakan ɗaya kafin ya gane haɗari ya damƙi birki, ya riga ya ci mita 25. Sa'an nan keke ba ya iya cin birki kamar mota, domin mahayi na zaune ne can sama, kusa da tayar gaba. In ya matse birkin gaba fiye da kima, tayar baya za ta ɗaga, ya wuntsila ta kan keke. Iyakar abin da zai iya shi ne ya rage gudu da kimanin mita 5 a sakan cikin kowane sakan, wanda zai ci masa wasu mita sittin da 'yan kai. Jimilla ya kusa tsawon filin ƙwallon ƙafa, kuma wannan a shimfiɗaɗɗen wuri ne busasshe. A gangara nisan ya fi haka.

Kwana da damƙar taya

Duk rayuwar ɗan tsere a kwana ta rataya ne a kan ɗan wurin da taya ke taɓa kwalta. Faɗin tayoyin tsere na yanzu milimita 28 zuwa 30 ne, kuma abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce rabin fuskar kwalin ashana ba. Ta wannan ɗan wuri ne ake cin birki, ta nan kuma ake karya kwana. Damƙar da taya ke yi wa kwalta kamar jari ɗaya ce da ake kashewa a buƙatu biyu: abin da birki ya ci, kwana ba za ta samu ba. Shi ya sa ƙa'idar farko da ake koya wa mahayi ita ce ya gama cin birki tun keke na miƙe, ya saki kafin ya karkata. Wanda ya shiga kwana da gudu fiye da kima, ya firgita ya matse birki a tsakiyarta, ko dai taya ta zame, ko keken ya miƙe ya nufi bakin hanya.

Ƙarfin da ake buƙata domin karya kwana shi ma gudu sau gudu yake bi, a raba da faɗin kwanar. Alal misali, a ɗauki kwana mai lanƙwasa irin ta da'irar da ke da mita 20 daga tsakiya zuwa baki. A busasshiyar kwalta mai kyau ana iya shanta da gudun kimanin kilomita 45. In ruwa ya jiƙa ta har damƙa ta ragu da rabi, iyakar gudun ya sauko zuwa wajen 32. Mahayi ba shi da ma'aunin da zai gaya masa haka, da ido da jiki kawai yake kintata. Dabarar gwanaye ita ce su faɗaɗa kwanar: su shigo ta bakin waje, su yanko zuwa bakin ciki, su fita ta waje kuma, tunda an rufe hanya ga motoci. Mafi sharrin kwanoni ita ce wadda ke farawa a buɗe sa'an nan ta ƙara tsukewa a bayan dutse ko itatuwa, inda ido bai kai ba. Mahayi ya riga ya zaɓi gudunsa bisa abin da ya gani, sai ya tarar da abin da bai gani ba.

Kwalta kanta ba ta da tabbas. Fentin layin hanya na da santsi in ya jiƙe, ga tsakuwa da ruwa ke sharowa, ga saiwoyin itatuwa da ke ɗaga kwalta daga ƙasa. Zafi ma na da nasa. A gasar Tour de France ta 2003, ana tsananin zafi, Joseba Beloki ɗan Sifen ya ci birki a kan kwaltar da ta narke a gangarar shiga garin Gap. Tayar baya ta zame, ta kuma fita daga wili, ya faɗi ya karya cinya da gwiwar hannu da wuyan hannu. Lance Armstrong da ke biye da shi ya kauce ya ratsa cikin gona. Beloki, wanda ya zo na biyu a gasar shekarar da ta gabata, bai sake komawa matsayinsa na da ba.

Birki kuwa aikinsa shi ne mayar da kuzarin motsi zafi. Mahayi da kekensa masu nauyin kilo 75, in suka sauko tudun mita 1,000, sun saki kuzarin da zai iya kai lita biyu ta ruwa ga tafasa. Iska ce ke kwashe kaso mai yawa, saura kuma ya tafi birki. Direbobin manyan motoci da ke sauka Hawan Kibo a hanyar Jos sun san yadda birki ke mutuwa in ya yi zafi. A da, birkin keken tsere roba ce da ke matse bakin wili, ga shi kuma da gam ake manna taya a wilin. Zafi kan sassauta gam ɗin, ruwan sama kuma kan hana robar kamawa. A 2018 hukumar UCI ta amince da birkin faifai, wanda ke kamawa da kyau ko ana ruwa, kuma ba ya zafafa wili. Sai dai an lura da wani hali na ɗan'adam: in ya samu birkin da ya yarda da shi, sai ya jinkirta kama shi, ya cinye ratar da sabon birkin ya ba shi.

Jikin mahayi da lissafin nasara

Ɗan tsere kan iso ƙololuwar ƙarshe ne bayan sa'a huɗu ko biyar yana murza feda. Sukarin jikinsa ya yi ƙasa, bugun zuciyarsa ya kai maƙura, iskar da yake shaƙa kuma ba ta da wadata. A wannan hali ne ake son ya yanke shawara cikin rabin sakan, sau da yawa a jere. Ga kuma sanyi, domin zafin iska na raguwa da kimanin digiri shida da rabi a kowace mita 1,000 ta hawa. Mutum ya jiƙe sharkaf da gumi, iska mai sanyi na dukansa da gudun mota, yatsun da zai kama birki da su sun sandare. Tun zamanin da, 'yan kallo kan miƙa wa 'yan tsere jarida a ƙololuwa su cusa a ƙirji domin tare iska. A gasar Giro ta Italiya ta 1988, ayari ya sauko mashigin Gavia cikin dusar ƙanƙara, wasu mahaya suka iso ƙasa jikinsu na karkarwa, ba sa iya sauka daga keke sai an riƙe su.

To me ke sa mutum ya sayar da ransa haka? Lissafi ne mai sauƙi. Gangarar kilomita 10 a matsakaicin gudun 60 tana ɗaukar minti 10. Wanda ya yi ta a 63 ya rage kusan sakan 30. A 1989 Greg LeMond ya ci gasar Tour de France gaba ɗayanta, bayan mako uku ana fafatawa, da ratar sakan 8 kacal a kan Laurent Fignon. Tunda a gangara ƙarfin ƙafa ba ya raba gardama, hanyar samun waɗannan sakanni ɗaya ce: a rage cin birki, a matsa kusa da iyakar damƙar taya. Ke nan abin da ake cinikinsa a gangara shi ne ratar da ke tsakanin mahayi da faɗuwa. In akwai doguwar hanya a gaba bayan gangarar, ayari zai kamo wanda ya tsere, saboda haka kasadar ba ta da riba. In kuwa layin ƙarshe na nan a gindin dutse, kowane sakan da aka samu ya shiga aljihu. A nan ne alhakin masu shirya gasa ya shigo, domin su ne ke zana hanya.

An ga misalin wannan ƙarara a 2017, lokacin da masu shirya gasar Giro suka sanar da kyautar kuɗi ga wanda ya fi kowa gudu a gangara. Sanarwar ta zo ne 'yan kwanaki bayan rasuwar Chad Young, matashi ɗan Amurka mai shekara 21, wanda ya faɗi a gangara a wata gasa a jihar New Mexico. 'Yan tsere suka yi ca, aka janye kyautar tun kafin a fara gasar.

Dokokin da aka rubuta bayan jana'iza

Tarihin tsaro a wannan wasa ya yi kama da ihu bayan hari. Francisco Cepeda ɗan Sifen ya faɗi a gangarar Galibier a 1935, ya rasu bayan 'yan kwanaki. A 1951 Wim van Est, ɗan Holan na farko da ya sa rigar ruwan ɗorawa ta jagoran Tour de France, ya faɗa kwazazzabo mai zurfin gomman mitoci a Aubisque, aka ɗaure tayoyi aka yi igiya aka jawo shi da ransa. A 1960 Roger Rivière ɗan Faransa ya yi ƙoƙarin bin sawun Gastone Nencini, gwanin gangara na zamaninsa, ya faɗa rami a Perjuret ya karya ƙashin baya, wasansa ya ƙare daga ranar.

A 1991 hukumar UCI ta so ta tilasta sa hular kwano, amma 'yan tsere suka yi bore a gasar Paris–Nice, suna kukan nauyi da zafi, hukumar ta ja da baya. Shekara huɗu bayan haka, ran 18 ga Yuli, 1995, Fabio Casartelli ɗan Italiya, zakaran gasar Olamfik ta Barcelona ta 1992, ya faɗi a gangarar Portet d'Aspet, kansa ya daki ɗaya daga cikin tubalan kankare da ke bakin hanya. Ba ya sanye da hular kwano. Ya rasu yana da shekara 24, ya bar mata da jariri. Duk da haka dokar ba ta tabbata ba sai a watan Mayun 2003, bayan Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya rasu sakamakon buguwar kai a gasar Paris–Nice ta watan Maris na shekarar. Ran 9 ga Mayu, 2011, Wouter Weylandt ɗan Beljiyam ya waiwaya baya a gangarar Passo del Bocco a gasar Giro, fedarsa ta taɓa wani gajeren bango, ya faɗi ya rasu nan take duk da hular da ke kansa. Har yau ba a sake ba wa kowa lambarsa, 108, a wannan gasa ba.

Yanayin sama ma sai da aka sha wuya kafin a yi masa doka. A 2016 aka kafa ƙa'idar da ta ba wakilan 'yan tsere da ƙungiyoyi da masu shirya gasa damar zama su rage zango ko su soke shi in yanayi ya ɓaci. A 2019 an tsayar da zango na 19 na Tour de France ana tsakiyar sauka daga Iseran, domin ƙanƙara da zaftarewar ƙasa sun toshe hanya a gaba, aka ɗauki lokacin da kowa ya yi a ƙololuwa.

Abin da ake yi yanzu

Rasuwar Gino Mäder ta zo ne mako biyu kafin Tour de France ta 2023, wadda ita ma take da zangunan da ke ƙarewa bayan gangara. Masu shirya ta suka sake shimfiɗa kwalta a wasu wurare, suka jera katifu a miyagun kwanoni na gangarar Joux Plane da ta Loze, suka kafa alamu masu ƙara domin gargaɗi. Adam Hansen, tsohon ɗan tsere ɗan Ostareliya da ke shugabantar ƙungiyar ƙwararrun mahaya, ya ɗauki hoton bidiyo na gangarorin domin 'yan tsere su san kwanonin tun kafin su iso su. A wannan lokaci ne kuma aka sanar da kafa SafeR, wani tsari da ya haɗa hukuma da ƙungiyoyi da mahaya da masu shirya gasa, domin tattara bayanan kowace faɗuwa da duba hanyoyi. Daga farkon 2025 aka fara aiki da katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa: wanda ya samu biyu a gasa ɗaya za a kore shi, a kuma dakatar da shi kwana bakwai.

Amma haɗura ba su tsaya ba. Ran 4 ga Afrilu, 2024, a gasar yankin Basque na Sifen, mahaya da dama suka zarce a wata kwana ta gangarar Olaeta, inda magudanar ruwa ta kankare da manyan duwatsu ke jiran su ba tare da kariya ba. Jonas Vingegaard ɗan Denmak, wanda ya ci Tour de France sau biyu, ya karya ƙashin kafaɗa da haƙarƙari, huhunsa ya huje. Ran 6 ga Yuli na shekarar, André Drege ɗan Norwe mai shekara 25 ya rasu a gangarar Grossglockner a gasar ƙasar Ostiriya.

Sai kuma abin da ya faru a watan Satumba, a gasar duniya ta birnin Zurich. Muriel Furrer, 'yar Suwizalan mai shekara 18, ta kauce hanya a wata gangara cikin kurmi ana ruwan sama, a tseren 'yan mata matasa. Babu wanda ya ga faɗuwarta. A gasar duniya ba a yarda mahaya su ɗauki rediyon magana ba, kuma ta kwanta a cikin itatuwa fiye da sa'a ɗaya kafin a gano ta. Ta rasu kashegari sakamakon raunin ƙwaƙwalwa. Ga mai raunin kai, kowane minti na da daraja, domin jinin da ke taruwa a cikin ƙoƙon kai yana matse ƙwaƙwalwa, kuma galibi tiyatar gaggawa ce ke sauke matsin. A 2025 gasar Tour de Suisse ta liƙa wa kowane keke na'urar da ke nuna inda yake ta tauraron ɗan'adam, wadda ke ankarar da ɗakin sa ido in keke ya tsaya ko ya bar hanya. A watan Satumban 2025 aka yi amfani da irin wannan na'ura a gasar duniya ta Kigali, babban birnin Ruwanda, karo na farko da aka yi wannan gasa a nahiyar Afirka. Ko wannan bai zo salin-alin ba, domin wata guda kafin nan an kori ƙungiyoyin mata biyar daga wata gasa a Suwizalan saboda saɓani da hukuma a kan yadda za a liƙa na'urar da kuma wanda ke da iko da bayanan da take tarawa.

Gardamar da ba ta ƙare ba

Akwai masu ganin a rage gudun keken kansa. Daga 2026 hukumar UCI ta ƙayyade cewa faɗin kan keke kada ya gaza santimita 40, zurfin bakin wili kuma kada ya wuce milimita 65. Ta kuma so ta gwada taƙaita girman giya a wata gasa a ƙasar Sin a 2025, amma kamfanin SRAM ya kai ƙara, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Beljiyam ta dakatar da gwajin. Masu suka sun ce ko da an yi, a gangara mai tsanani ba feda ke tura keke ba, don haka rage giya ba zai taɓa janyowar ƙasa ba. Wasu kuma sun karkata ga rigar da ke kumbura da iska a lokacin faɗuwa, irin wadda aka wajabta wa masu tseren babur na MotoGP tun 2018. Matsalarta ga ɗan tseren keke ita ce nauyi da zafi, ga mutumin da zai yi sa'a biyar yana gumi.

A ɗaya gefen kuma akwai masu cewa gangara gwaninta ce da ta cancanci lada. Vincenzo Nibali ya yi suna da ita. Mohorič ya ci gasar Milan–San Remo ta 2022 ne a gangarar Poggio, Tom Pidcock kuma ya burge duniya a gangarar Galibier a wannan shekarar. In aka ce kowane zangon tsauni ya ƙare a ƙololuwa, an mayar da gasa ta sirara masu huhu kaɗai. Ban da haka, duk dutsen da aka hau a tsakiyar zango dole a sauko shi, garuruwan da ke cikin kwari kuma suna biyan kuɗi domin a ƙare tsere a ƙofarsu, kuma ba wanda zai iya jera katifu a hanyar kilomita 200.

Sai dai ba dukkan hanyar ce ke kisa ba. A kowace gangara, kwanoni ƙalilan ne suka haɗa abubuwa uku: gudu mai yawa kafin shiga, lanƙwasar da ido ba ya gani, da abu mai tauri ko rami a bakin waje. Ana iya gano su da taswira da ma'auni tun watanni kafin gasa, a share su, a sa musu raga ko katifa da mai tuta, a ajiye likita kusa. Ana iya kuma matsar da layin ƙarshe 'yan kilomitoci gaba, ta yadda kasada ba za ta biya ba. Mutane kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma tubalin kankaren da ke bakin kwana mutum ne ya ajiye shi, mutum kuma na iya rufe shi.

Kashegarin faɗuwar Mäder ba a yi tsere ba. Ayari ya hau keke a hankali ya yi kilomitocin ƙarshe na zangon ranar, abokan ƙungiyarsa ta Bahrain Victorious na gaba, suka ƙetare layi tare, kamar yadda abokan Casartelli suka yi shekara 28 kafin nan. A gangarar Portet d'Aspet akwai dutsen tunawa da Casartelli a gefen hanya, kuma Tour de France na bi ta wurin lokaci-lokaci. A 2018 Philippe Gilbert ɗan Beljiyam ya zarce a wata kwana ta wannan gangara, ya tsallake bangon dutse ya faɗa ƙasa. Aka taimaka masa ya hauro, ya hau keke ya ƙarasa kusan kilomita 60 da suka rage, sa'an nan likitoci suka gano cewa ƙoƙon gwiwarsa ya karye.